Ƙunshin Bahijja

Hantsi bai gama ɗagawa ba tsohuwa Indo ta shigo ƙaramin asibitin ƙauyensu goye da jikanyarta. Ƙauyen yana can bayan Mandera, a ƙasar Shagari, inda kwalta ba ta kai ba. Asibitin ɗaki uku ne da baranda, sai rijiya a gefe. Ma'aikatan jinya biyu ke riƙe da shi: Kaltume, wadda ta shekara ashirin da biyu tana wannan aiki kuma ita ce babba, da Mufida, 'yar Bodinga, wadda ba ta cika shekara da barin makarantar jinya ba.

Sati biyu ke nan da babbar Sallah. Damina ta zauna, kowa yana gona wurin noman farko, don haka babu kowa a barandar sai wata akuya da ta kwanta tana tuƙa.

"Malama, kin kwana lahiya?" in ji Indo tana kwance goyo.

"Lahiya lau, Inna. Ƙaƙa ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ga Bahijja nan na kawo miki. Kwana ukku ke nan tana tari, jiki awa garwashi. Uwatta ciki ya tsuhwa, ba ta iya tahiya, ubanta kau shina gona."

Yarinyar shekararta uku. Kitson Sallarta ya fara tsufa, amma ƙunshin da aka yi mata yana nan daram: yatsun hannu da na ƙafa duka an tsoma su, lallen ya kama har ya yi duhu kamar busasshen jini. Kaltume ta lura cewa yatsun ta fara dubawa kafin ta dubi fuskar yarinyar, abin kuma ya ba ta haushin kanta.

"Wa ya yi mata wanga ƙunshi haka?"

Indo ta yi dariya ta ware nata hannun. "Ni mana. Kwano guda munka sha ni da ita. Cewa tay yi sai nata ya hi nawa kamawa, ja'ira, wai ita ta amarya ni uwargida."

Kaltume ta ɗaga rigar yarinyar, ta kafa ido a agogon hannunta, ta ƙirga numfashi. Hamsin da huɗu cikin minti ɗaya. Ƙasan haƙarƙarin yana ɗan lotsawa in ta ja iska, amma ba sosai ba. Mufida ta soki yatsan yarinyar don gwajin zazzaɓin sauro, Bahijja ta tsandara ihu ta ture hannunta. Gwajin bai nuna komai ba. Aka ba ta ruwa a kofi ta sha rabi.

"Limoniya ta," in ji Kaltume. "Ciwon haƙarƙari, Inna. Akwai magani."

Mufida ta matso kusa da ita, ta rage murya. "Anti, in ɗauko kaska?"

Kaska ba ƙwaro ba ce a wannan asibiti. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi kwalin ashana ba, ana maƙala ta a yatsa, ta haska jan haske ta cikin fata, sai ta nuna lamba. Lambar ita ce ke faɗin ko iskar da mutum ke shaƙa tana isa cikin jininsa. Casa'in da biyar zuwa sama lafiya ce. In ta faɗi ƙasa da casa'in, to mara lafiya yana nutsewa ne a tudu, kuma dole a kai shi babban asibiti inda ake sa iskar oksijin. Mutanen ƙauyen ne suka sa mata suna kaska, saboda yadda take maƙalewa. Wata uku ke nan tana cikin aljihun tebur, a bayan kwalin safar hannu.

Ba ƙin sabon abu ne ya sa Kaltume ta ajiye ta ba. Da aka tara ma'aikatan jinya a Bodinga don koya musu aiki da ita, Kaltume ce ta zauna a layin gaba. Tsararrakinta suna ta gunaguni cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, su da suka shekara da shekaru suna gane mai mutuwa daga bakin ƙofa, me wani kwalin ashana zai gaya musu? Ita kuwa ta tuna yaran da idonta ya ce za su tashi, ba su tashi ba. Ta yi murna da samun abin da zai ga inda ido bai kai ba. Mai koyarwar ya gwada na'urar a yatsansa, ya gwada a na direbansu, ya gwada a na ma'aikatan jinya biyar, waɗanda ba su cika yin ƙunshi ba saboda yawan wanke hannu. Aka yi kwana biyu ana bayani, aka ci shinkafa, aka ɗauki hoto. Babu wanda ya ambaci lalle.

Cikin satin farko sai ga Na'ima, matar wani manomin albasa mai suna Maniru, ta zo da tari. Ba ta daɗe da dawowa bikin ƙanwarta ba, yatsunta baƙi wuluk da irin baƙin lallen nan na kasuwa. Kaska ta nuna tamanin da uku. Kaltume ta dubi matar ta ga ba ta yi kama da mai mutuwa ba, amma ta ce a ranta ai dalilin kawo na'urar ke nan. Ta aika aka kira Maniru daga fadama, ta gaya masa cewa in bai kai matarsa Sakkwato yanzu ba, tana iya rasuwa kafin magariba. Ya bar albasar da ya tone a rana, ya nemo mota. Na'ima tana da ƙaramin ciki a lokacin, ta yi ta kuka tun daga ƙauyen har kwalta, motar tana jijjiga ta a kan burji.

A Sakkwato wani likita ya dubi yatsunta, ya cire na'urarsa ya maƙala mata a kunne. Casa'in da takwas. Ya rubuta mata maganin tari ya ce su koma gida, ya ƙara da cewa a gaya wa wadda ta turo su baƙin lalle yana tare hasken na'urar. Bayan kwana biyu Na'ima ta yi ɓari.

Ko tafiyar ce ta jawo ɓarin, ko firgicin, ko da ma cikin ba mai zama ba ne, babu wanda ya sani, har ita Kaltumen. Maniru dai bai tsaya wannan bincike ba. Ranar allurar rigakafi ya zo, baranda cike da mata, ya tsaya a bakin ƙofa bai ɗaga murya ba, ya ce: "Malama, likitan Sakkwato ya ce in gaishe ki. Ya ce in tambaye ki, shekara ashirin kina aiki ba ki san lalle ba?"

Tun ranar ta tura kaska bayan aljihun tebur. Ta san abin da ya ruɗi na'urar, ta kuma san laifin ba na na'urar ba ne. Amma sanin dalili bai warkar da komai ba. Kunya ta hana ta rubuta abin da ya faru a rahoton wata, don haka sauran asibitocin ƙauyuka ba su ji labarin lalle daga gare ta ba. Jami'in da ke zuwa dubiya kuwa abu biyu yake nema: ya ga na'urar tana nan ba a sace ba, ya ga an cike gurbinta a littafin marasa lafiya. Kaltume takan cike gurbin da ido. Wanda ta ga alamar sauƙi a jikinsa ta rubuta masa casa'in da bakwai. Mufida tana gani, ba ta taɓa cewa komai ba sai yau.

"Ɗauko ta," in ji Kaltume a ƙarshe, ba ta dubi Mufida ba.

Aka maƙala ta a babban yatsan Bahijja. Jan hasken ya kama, lamba ta yi rawa ta tsaya. Tamanin da biyar.

Kaltume ta sake duban lambar. Ta cire ta mayar a ɗaya hannun. Tamanin da shida. Ta sa a babban yatsan ƙafa, yarinyar ta yi ta shure-shure, na'urar ta ƙi nuna komai. Ta gwada kunne, kunnen ya yi ƙanƙanta, kaska ta zame ta faɗo kan tabarma. Duk inda za ta iya kamawa a jikin yarinyar akwai lalle.

"Wagga ba ita ta kaskad da ta kai matam Maniru Sakkwato ba?" in ji Indo, tana jan jikanyarta zuwa ƙirjinta.

"Ita ta, Inna."

"To mi tac ce?"

Kafin Kaltume ta amsa sai aka yi sallama daga baranda. Zayyanu ne, uban yarinyar, ƙafafunsa duk laka, ya jingine hauyarsa a bango. Dogon mutum ne mai sanyin magana, wanda ba a taɓa jin sa da kowa ba. Ya ce yana noma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya gaida uwarsa, ya gaida Kaltume, ya tsuguna ya dafa goshin 'yarsa.

Kaltume ta yi masa bayani yadda abin yake. Ta ce na'ura ta nuna iska ba ta isa jinin yarinyar, kuma in gaskiya ta faɗa, sai an kai ta babban asibiti a Shagari yanzu. Ta ce amma akwai lalle a yatsun, lalle kuwa yana sa na'urar ƙarya.

Zayyanu ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce:

"Malama, ni ban san kaska ba, ke nis sani. Ke kik karɓi haihuwab Bahijja da hannunki. In kin ce a tahi, ga babur can gida, yanzun ga mu kama hanya, gona ba ta hi ɗiyata ba. In kin ce a zamna, mu zamna. Amma ki hwaɗa min da bakinki, ba da bakin wanga abu ba."

Da ya yi gardama da ya fi mata sauƙi. Da ya ce ba ya zuwa, da ta matsa masa, ya ƙi, nauyin ya koma wuyansa. Sai ga shi ya miƙo mata abin gaba ɗaya kamar mai miƙa ƙwarya cike da ruwa.

Ta sake duban yarinyar. Bahijja ta sha ruwa ɗazu. Ta yi kuka da ƙarfinta. Tana bin mutane da ido. Shekara ashirin da biyu suna gaya wa Kaltume cewa yaro mai wannan kama yakan tashi da ƙwayar magani. Ta dubi yatsun, ta ga yatsun Na'ima. Ta hango kanta ta sake tayar da gida guda, uwa mai tsohon ciki tana kuka a tsakar gida, a je Shagari wani yaron likita ya dubi ƙunshi ya yi murmushi. Ta hango barandar nan cike da mata. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, kuma ba ya jin cewa tsoro ne ke kora shi, gani yake hankali ne.

Ta dubi Mufida. Mufida ta sunkuyar da kai tana gyara kwalin auduga.

"Lalle na," in ji Kaltume. "Ku tahi gida. Ga magani, a narka ƙwaya cikin cokalin ruwa, sahe da marece. A yi ta ba ta ruwa da kunu. Gobe da sahe a maido min ita. In kun ga ta ƙi shan komi, ko jikinta ya saki, kada ku jira gobe."

"Alhamdu lillahi," in ji Indo. "Ai na ce. Wagga kaska ko ni ta kama sai ta ce na mutu tun bara."

Zayyanu ya yi murmushi, ya yi godiya, ya ɗauki hauyarsa. Kaltume ta ba yarinyar ƙwayar farko da hannunta kafin su tafi.

Sai da suka ɓace a kwanar masallaci sannan Mufida ta yi magana.

"Anti, jan lalle ba shi hana ta karatu sosai. Baƙin nan na kasuwa shi ka tare haske."

"Wa yag gaya miki?"

"Na bincika a waya, tun bayan abin da yaf faru."

"Waya," in ji Kaltume. Ta ja tsaki. "Kin ga yatsun ɗiyag ga? Kin tabbata babu baƙi ciki?"

"Ban tabbata ba."

"To mi ya hana ki buɗe baki suna nan?"

Mufida ta ɗago ido, ƙwalla ta cika shi. "Ƙaƙa za ni ƙaryata ki gaban mutane, Anti? Kin haihe ni."

Gaskiya ta faɗa. Haka aka rene ta, haka aka rene Kaltume. A Bodinga an koya musu inda ake danna na'ura da yadda ake canja batir, amma ba a koya wa ƙarama yadda za ta ce wa babba ta yi kuskure ba, ba a kuma koya wa babba yadda za ta ji hakan ta zauna lafiya ba.

A nan ne ya kamata Kaltume ta yafa mayafi ta bi su. Gidan Zayyanu bai fi tafiyar minti ashirin ba. Ta san haka. Amma bin su yana nufin ta tsaya a gabansa ta ce maganar da ta faɗa da bakinta ɗazu ba ta tabbata ba. Ta ce a ranta bari maganin ya fara aiki tukuna. Wata mata ta zo awon ciki, ta duba ta. Wani dattijo ya zo da sarar fartanya a ƙafa, ta wanke ta ɗinke. Ta yi sallar azahar, ta kasa tuna ko raka'a uku ta yi ko huɗu. Tana sallamewa hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Ta zauna tana jin sa a kan kwano. Yanzu ta samu dalilin zama, dalilin kuma bai yi mata daɗi ba.

Bayan la'asar ruwan ya tsagaita, ya koma yayyafi. Kaltume ta buɗe aljihun tebur ta jefa kaska a aljihun rigarta, ta ce wa Mufida ta kula da asibiti. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu saboda laka.

Ta tarar da su a ɗakin Indo. Uwar yarinyar, Zainab, tana zaune a bakin gado da ƙaton cikinta tana yi wa 'yar fifita duk da sanyin da gari ya yi. Bahijja tana kwance, ta daina kuka. Hancinta yana buɗewa yana rufewa, kanta yana ɗan gyaɗawa da kowane numfashi.

"Barci taka yi, Malama," in ji Zainab. "Tun azahar ta samu barci. Kunu dai ta ƙi sha."

Kaltume ta maƙala na'urar. Saba'in da tara.

Sai idonta ya sauka a kan hannun Indo, wanda ke dafe da ƙafar yarinyar. Yatsu masu duhun ƙunshi, iri ɗaya sak da na Bahijja. Kwano guda, haka tsohuwar ta ce da safe.

"Inna, ba ni hannunki."

Ta maƙala wa tsohuwar kaska a yatsan da lallen ya fi kamawa. Jan hasken ya ratsa. Casa'in da bakwai.

Kaltume ta tsaya tana kallon lambar. Wannan hannun yana gabanta tun hantsi. An ware mata shi a fuska, ana dariya. Gwajin bai ɗauki minti ɗaya ba. Ba wai dabarar ta fi ƙarfin hankalinta ba ce. Da safe ba ta nemi hanyar da za ta tabbatar ba, domin rashin tabbas ɗin ne mafakarta.

"Mi tac ce?" in ji Indo.

"Ta ce lahiyarki lau, Inna." Ta miƙe. "Ina Zayyanu? A kira shi. Shagari za mu, yanzu."

Babu wanda ya yi mata gardama. Zayyanu ya fito da babur, Kaltume ta naɗe yarinyar da zanen kakarta ta rungume ta, ta hau baya. Zainab ta biyo su har ƙofar gida tana riƙe da takalman yarinyar, ta rasa wanda za ta miƙa wa.

Da a ce da safe suka bi hanyar, da ba ta ci musu rabin awa ba. Yanzu burji ya zama kunu. Babur ɗin yana zamewa, Zayyanu yana dogara ƙafa hagu da dama. Da suka iso rafin da ke tsakaninsu da Mandera suka tarar ya cika ya batse, jan ruwa yana gudu da karare da rassan itace. Mutane suna tsaitsaye a gaɓa suna jira ya ragu. Wani mai suna Sodangi, mahauci, ya dubi abin da ke hannun Kaltume, bai yi tambaya ba, ya kira maza huɗu suka ɗaga babur ɗin a kafaɗa. Shi kuma ya riƙe Kaltume a gwiwar hannu suka shiga, ruwa har ƙirji, ita ta ɗaga yarinyar sama da kanta. A tsakiyar rafin ƙafarta ta zurma, Sodangi ya fizgo ta.

"Riƙe ɗiya dai, Malama, ni ina riƙe da ke!"

A tsallake aka sha fama kafin babur ya tashi, ruwa ya shige shi. Zayyanu ya yi ta bugawa, gumi da yayyafi suna zuba a fuskarsa. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare, ta yi ja, tana shirin faɗuwa.

Kaltume ta bar na'urar a yatsan yarinyar a cikin zane. Duk bayan ɗan lokaci takan buɗe ta leƙa. Saba'in da huɗu. Saba'in. Sittin da wani abu. Babu abin da za ta yi da lambobin, ba ta da iskar da za ta ba ta, amma ta kasa daina dubawa. Ta yi ta kiran sunan yarinyar a kunnenta, tana cewa amarya, amarya, ga Shagari can. Bayan sun wuce gonakin Mandera ta ji jikin ya yi wani irin nauyi da ta sani sarai. Ta buɗe zanen. Babu lamba, sai layi biyu a kwance. Ta sa yatsunta a wuyan yarinyar ta daɗe.

Zayyanu yana ta tuƙi, ya sunkuya a kan babur ɗin, yana kauce wa ramuka da kula don kada a jijjiga 'yarsa. Ta bar shi ya yi tafiya mai nisa a haka. Sai da ta hango motoci suna wucewa a kan kwalta, ta ji ladanin Shagari ya fara kiran magariba, sannan ta taɓa kafaɗarsa.

"Zayyanu. Tsaya."

Washegari da hantsi aka kai ta. Kaltume ta je zaman makoki da ƙafafu duk yankan kara. Tana shiga mata suka matsa mata wuri a kan tabarma mafi kyau. Labarin ya riga ta isa: Malama ta fito cikin ruwa ba wanda ya kira ta, ta shiga rafi har wuya da yarinya a ka. Wata ta ce irin su Malama sun ƙare. Indo ta kama hannunta da hannu biyu tana kuka tana sa mata albarka. Ko da za ta shigo, a ƙofar gida, Maniru da ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarta ya taso daga cikin maza ya ce, "Malama, mun ji abin da kika yi. Allah shi biya ki."

Ranar da ta bi na'ura ta yi kuskure, an tsaya a gaban jama'a an ci mutuncinta. Yau da ta ƙi bin ta aka binne yarinya, ga shi ana sa mata albarka. Ta zauna cikin addu'o'in nan kamar mai zaune a kan ƙaya. Da ta ga ba za ta iya ba, ta aika a ce wa Zayyanu tana son ganinsa.

Ya same ta a bayan rumbu, inda babu kowa. Idanunsa sun yi ja amma a bushe suke.

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba. Ta ce na'urar gaskiya ta faɗa tun jiya da safe. Ta ce lallen bai tare komai ba, ta gwada a hannun Inna ta gani. Ta ce da ta ce a tafi a lokacin da ya tambaye ta, da sun isa Shagari kafin azahar, hanya a bushe, yarinya tana shan ruwa da kanta. Ta ce ba ta san ko da ta rayu ba, Allah kaɗai ya sani, amma ta san abin da ya hana ta cewa a tafi, kuma ba lalle ba ne.

Zayyanu ya dubi ƙasa. Ya sa babban yatsan ƙafarsa yana murza wani ɗan dutse cikin laka. Ta jira ya zage ta. Ta ma so ya zage ta.

"Wa kig gaya ma wagga magana?" ya ce.

"Kai kaɗai."

"To ta tsaya nan." Ya ɗago kai ya dube ta. "Ban ce na yahe ba, Malama, ban ce ban yahe ba. Ban san abin da ke cikin raina ba yau. Amma Inna ita tay yi ma Bahijja ƙunshin ga. Sau ukku tana ƙunsa mata don shi kama. In taj ji cewa don lalle anka ƙi yarda da na'ura, ba ta jin sauran bayaninki. Cewa za ta yi ita tak kashe ta. Tsohuwa ta, ba ta ɗauka."

"Zayyanu, ba laihinta ba na. Nawa na."

"Na ji. Ki riƙe abinki." Ya goge fuskarsa da hannun riga. "Ki koma ciki ki zamna. In sunka yi miki godiya ki amsa."

Ya juya ya koma wurin maza. Kaltume ta tsaya a bayan rumbun har ta ji wata mata tana tambaya ina Malama ta shiga. Ta gyara mayafinta ta koma. Indo ta matsa mata, ta jawo hannunta ta ɗora a cinyarta, ta ci gaba da sa mata albarka daga inda ta tsaya, Kaltume tana cewa amin.